"Har Libreville": Jawabin Magatakardan Ƙungiya a Taron Zagayowar Shekara



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa 'yan kasuwa da kuka rufe shagunanku a Mont-Bouët da Nkembo da Akébé kuka zo, da baƙinmu da suka taso tun daga Bitam da Oyem, barkanku da zuwa Nombakélé, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya.

Da shugaba ya ce ofishin magatakarda ya yi magana a taron bana, sai muka ɗauko littafin sulhu muka sake karanta shi daga farko. Kun san littafin, shi ne wanda muke rubuta kowace rigima da aka kawo gaban dattawa da yadda aka raba ta. Mun yi zaton za mu tarar da labaran cuta da zamba, sai ga shi waɗannan kaɗan ne. Mafi yawan waɗanda suka zauna a kan tabarmar sulhu mutanen kirki ne, kowa ya rantse bisa gaskiyarsa, kuma kowa gaskiyar yake faɗa gwargwadon abin da ya fahimta. Sun yi ciniki, sun gama magana kan kuɗi, amma babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa: in kayan nan suka lalace a hanya, asarar wa? A kan wannan tambaya za mu tsaya yau, mu roƙi iyayenmu su yi mana haƙuri, yaro ne zai yi magana a gaban manya.

Ga wata rigima daga littafin. Ba za mu ambaci suna ba, waɗanda suka sani sun sani.

Wani ɗan'uwanmu mai sayar da albasa ya yi ciniki ta waya da abokin hulɗarsa na Garwa, mutumin da suka shekara fiye da goma suna kasuwanci tare. Buhu ɗari uku. Na Garwa ya ce, "Alhaji, na sallama maka, kuɗi kaza kowane buhu, har Libreville." Alhaji ya ce ya karɓa, ya tura rabin kuɗi. Aka yi lodi, mota ta gangaro, ta ƙetare iyaka a Eboro, ta wuce Bitam da Oyem da Mitzic. Kafin Ndjolé ta lalace. Kwana shida tana tsaye a gefen hanya cikin ruwan sama da zafin dajin nan da kuka sani. Da aka buɗe tampol a nan, fiye da rabin kayan ya ruɓe.

Alhaji ya ce shi "har Libreville" aka ce masa, saboda haka abin da bai iso lafiya ba ba nasa ba ne, ba zai cika sauran kuɗi ba. Na Garwa ya ce shi da ya ce "har Libreville" kuɗin mota yake nufi, wato ya saka kuɗin dako a cikin farashi, amma tun ran da ya damƙa wa direba kayan suka fita daga hannunsa. Kalma biyu, ma'ana biyu, miliyoyin sefa a tsakani.

To me doka ta ce? Da farko sai mu san wace doka ce. Gabon da Kamaru duka suna cikin OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Port-Louis ranar 17 ga Oktoba 1993 don ƙasashe su yi aiki da dokar kasuwanci iri ɗaya. Yanzu ƙasashe 17 ne a ciki, har da Nijar da Cadi da Benin da Togo da Kongo da Ikwatoriyal Gini. Babbar kotunta tana Abijan. Dokarta ta kasuwanci, wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, tana da sashe guda a kan saye da sayarwa tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa. A wannan doka ciniki da baki ciniki ne, ba sai an rubuta ba, kuma ana iya kafa hujja da kowace hanya, shaidu ko saƙon waya ko rasit. Don haka kada wani ya ce tun da ba a rubuta ba babu abin da ya ɗaure shi. "Na sallama" da "na karɓa" sun ɗaure mutum a Nombakélé, sun ɗaure shi a gaban alƙali.

Amma dokar ta ƙara da wani abu da yawancinmu ba mu taɓa ji ba. Ta ce idan cinikin ya ƙunshi ɗaukar kaya zuwa wani wuri, hatsarin kayan yana komawa kan mai saye tun lokacin da mai sayarwa ya miƙa su ga mai dako na farko. Kuma in kayan sun ɓace ko sun lalace bayan nan, mai saye sai ya biya kuɗinsu cikakke, sai dai in laifin mai sayarwa ne ya jawo lalacewar. Wato da rigimar albasar nan ta je kotu ba tare da wata hujja a kan abin da suka yi nufi ba, maganar na Garwa ce ta fi kusa da doka. Alhaji zai cika kuɗin albasar da bai sayar ba. Ƙofa biyu kawai suka rage masa. Ko ya nuna cewa tun a wurin lodi albasar ba ta bushe ba, ko an zuba ta a buhun da bai dace ba, don shirya kaya yadda za su jure hanya nauyin mai sayarwa ne. Ko kuma ya nuna cewa motar ta mai sayarwan ce da direbansa, don a nan ba a miƙa wa wani mai dako ba, kayan suna hannunsa har su iso.

Sai mai motar. Akwai wata dokar OHADA ta daban a kan dakon kaya ta hanyar mota, ta shekarar 2003. Mai dako yana da alhakin kaya daga lokacin da ya karɓa har ya sauke, kuma lalacewar motarsa ba uzuri ba ce. Amma wanda zai bi haƙƙinsa ya fi samun sauƙi in yana da takardar dako a hannu, wadda ta faɗi irin kayan da yawansu da inda aka ɗauka da inda za a kai. In ɓarnar a fili take, a rubuta wa mai dako ƙorafi kafin ranar aiki ta farko bayan saukewa ta wuce. In ɓoyayyiya ce, cikin kwana bakwai, ban da Lahadi da ranakun hutu. Shigar da ƙara kuma shekara ɗaya ce. Alhaji ba shi da takardar dako. Lambar wayar direba kawai gare shi, ita ma ta daina shiga.

Mu ɗan tsaya a nan saboda masu shadda da masu wayoyi. Diyyar da mai dako zai biya tana da iyaka, sefa 5,000 a kowane kilo. Ga mai albasa ko gyaɗa wannan ya wadatar har ya yi yawa, don ba za a biya shi fiye da darajar kayansa ba. Amma kilo ɗaya na wayoyin hannu nawa ne? Wanda ke ɗauko kaya masu tsada marasa nauyi sai ya sa a rubuta ainihin darajarsu a takardar dako, ya yarda ya ƙara kuɗin mota. Mun san dalilin da ya sa wasu ba sa son rubuta ainihin daraja, duwan ake gudu. Sai dai takardar da aka rage wa kuɗi saboda duwan ita ce dai za a ɗauko ranar diyya.

Dattawa sun raba asarar albasa biyu, kowa ya ɗauki rabi. Babu wanda ya tashi da farin ciki. Har yau waɗannan bayin Allah ba su sake ciniki ba.

Abin da ya raba su ba sabon abu ba ne a duniya. 'Yan kasuwar Turai sun sha irin wannan rigima har Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris ta fito da wasu gajerun kalmomi a 1936, waɗanda ake kira Incoterms. Ana sabunta su lokaci lokaci, na yanzu sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, guda 11 ne, kowace harafi uku. Aikinsu su amsa tambayoyin da "har Libreville" ta kasa amsawa: wa zai biya dako, wa zai yi takardun duwan, kuma a wane wuri daidai hatsari ke tashi daga wuyan wannan ya hau wuyan wancan. Abin da na Garwa yake nufi sunansa CPT: na biya dako har Libreville, amma hatsari naka ne tun daga lodi. Abin da Alhaji ya ji sunansa DAP: kayan suna wuyana har mota ta tsaya a inda muka ambata, kai kuma ka sauke ka biya duwan na shigowa. Da ɗayansu ya rubuta haruffa ukun nan da sunan wuri a saƙon waya, ɗayan ya amsa, da ba a zauna a tabarma ba. Ko ma ba haruffan ba, da Hausa zalla: "In ta lalace kafin Mont-Bouët, tawa ce." Ya isa.

Ba za mu bi sha ɗayan duka ba. Waɗanda suka fi cizon mutanenmu su ne na jirgin ruwa, don yanzu da yawa daga cikinmu Guangzhou da Dubai da Istanbul muke saro kaya, su sauka a tashar Owendo.

Ku ɗauki CIF. Mai kaya a Sin ya turo takardar farashi an rubuta "CIF Owendo", sai ɗan'uwa ya saki jiki, yana ganin kaya na wuyan Basine har Owendo, tun da shi ya biya jirgi ya biya inshora. Ba haka ba ne. A CIF hatsari yana komawa kanka tun sa'ad da aka ɗora kayan a cikin jirgi a tashar can. Tafiyar teku duka a wuyanka take. Abin da mai kaya ya yi maka shi ne ya biya kuɗin jirgi ya saya maka inshora, kuma inshorar da CIF ta wajabta masa ita ce mafi ƙanƙanta, wadda ake kira ta rukunin C, a kan kashi 110 cikin ɗari na kuɗin kayan. Tana biya in jirgi ya nutse, ko ya kama wuta, ko ya yi karo, ko ya kafe. Ba ta biyan sata, ba ta biyan ruwan da ya shiga kwantena ya jiƙa atamfa. Wanda ke son cikakkiya, ta rukunin A, sai ya faɗa tun wurin ciniki ya biya bambancin. Kuma CIF ba ta ƙunshi kuɗin duwan na Gabon ba, ba ta ƙunshi kuɗin kwanan kwantena in ka makara wajen fitar da ita ba. Wannan kuɗin kwana ya ci jarin mutane a Owendo fiye da yadda teku ta ci.

Wani zai ce jirgi nawa ne ke nutsewa? Ba sai ya nutse ba. A dokar teku, in aka kashe kuɗi ko aka zubar da wasu kaya don a ceci jirgi, duk masu kaya a cikinsa sai su haɗa asarar gwargwadon darajar kayansu, ko da naka bai ko jiƙe ba. Kun tuna jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suez a watan Maris 2021. Masu shi sun kira wannan ƙa'ida, masu kaya sai da suka ba da lamuni kafin a sakar musu kwantenoninsu. Mai inshora kamfaninsa ne ya tsaya masa. Marar inshora daga aljihunsa.

FOB kuma, mai kaya ya fitar da su daga duwan na ƙasarsa ya ɗora a jirgin da kai ka nema, daga nan komai naka. Sai dai an yi FOB ne don kayan da ake ɗorawa kai tsaye a jirgi. Kwantena kuwa ana miƙa ta a filin tasha kwanaki kafin jirgi ya zo, shi ya sa masu Incoterms da kansu suka ce ga kwantena FCA ta fi dacewa, inda hatsari ke sauya wuya a wurin da aka miƙa wa mai dako. EXW ita ce mafi arha a ido mafi nauyi a wuya: zo ka ɗauka a ƙofar masana'anta, lodi naka, takardun fita naka, a ƙasar da ba ka jin yarenta. DDP kuma akasinta ce, mai kaya ya kawo har ƙofarka ya biya duwan. In wanda bai taɓa taka Gabon ba ya yi maka alkawarin DDP da farashi mai sauƙi, tambaye shi wa zai fitar masa da kayan a Owendo, da sunan wa.

Gaskiyar magana ita ce yawancinmu ba ma cika kwantena. Haɗaka muke yi. Mu sayi kaya a shaguna daban-daban, a kai ma'ajiyar wani wakilin dako a Guangzhou, ya haɗa da na wasu, ya caje mu bisa faɗin wurin da kayanmu suka ci. A irin wannan, takardar jirgi, wadda masu faransanci ke kira connaissement, tana fita da sunan wakilin, ba sunanka ba. Kamfanin jirgi bai san da zamanka ba. Abin da ke hannunka kawai rasit ɗin wakili. Saboda haka rasit ɗin ya faɗi kwali nawa, me ke ciki, nawa ne darajarsa, lambar kwantena, da abin da wakili zai biya in kwali ya ɓace. Mun ga rasit a ofis wanda abin da ke jikinsa kawai sunan Hajiya da "kwali 14". Da kwali biyu suka ɓace, wakili ya ce takalman roba ne, Hajiya ta ce leshi ne. Wa zai raba?

A kuma tuna, haruffan nan ba sa aiki su kaɗai. "FOB" ba tare da sunan tasha ba rabin magana ce. A rubuta haruffan, a rubuta wuri, a rubuta "Incoterms 2020". Ba su kuma faɗi yaushe za a biya kuɗi ba, ba su faɗi yaushe kaya suka zama mallakarka ba. Wannan sai doka, ko abin da kuka rubuta.

A nan ne iyakar ƙasa take da muhimmanci. A OHADA kaya suna zama mallakar mai saye ne lokacin da ya karɓe su, sai in an rubuta cewa mai sayarwa ya riƙe mallaka har a gama biyansa. Wannan sharaɗi yana da amfani ga masu ba da kaya bashi, amma sai a rubuce. Najeriya kuwa ba ta cikin OHADA. Dokokinta na sayar da kaya sun samo asali ne daga dokar Ingila ta 1893, inda kayan da aka nuna aka ware, aka gama ciniki a kansu, suna iya zama naka tun ranar cinikin ko da suna shagon mai su, kuma hatsari yana bin mallaka. Wanda ya sayi dilar yadi a Kantin Kwari ya ce a ajiye masa zuwa mako mai zuwa, ya san cewa in gobara ta tashi, Allah Ya kiyaye, ana iya ce masa dilarsa ce ta ƙone.

Akwai kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan sayar da kaya tsakanin ƙasashe, wadda aka yi a Viyana a 1980. Gabon ta shiga, ta fara aiki a nan ranar 1 ga Janairu 2006. Sin na ciki, Turkiyya na ciki, Faransa da Benin da Kamaru na ciki. Najeriya da Nijar da Daular Larabawa ba sa ciki. Ma'anarsa, in ka sayi kaya daga kamfanin Sin ko na Turkiyya don kasuwanci, wannan yarjejeniya ta hau kan cinikinku ko ba ku ambace ta ba, sai in kun rubuta kun cire ta. Wannan alheri ne gare mu, don doka ce da ba ta Basine ba, ba tamu ba, ta kowa ce. Amma inda ciniki ya ratsa ƙasashen da dokokinsu suka bambanta, layi ɗaya a takarda yana rage wahala: dokar wace ƙasa za a bi, kuma ina za a kai ƙara. In babban ciniki ne, masu sulhu na hukuma da ɓangarorin biyu suka zaɓa sun fi kotu amfani, domin hukuncinsu ana iya zartar da shi a wata ƙasa bisa yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Gabon da Najeriya da Nijar da Kamaru da Sin duk suka shiga.

Yanzu maganar kunya, don ita ma tana cin dukiya. Kaya sun iso, ka buɗe, ka ga ba su ne ka saya ba, ko launi ya bambanta, ko an gauraya da na banza. Sai ka ce bari dai, mutumin nan babba ne, in mun haɗu bayan salla na gaya masa. Dokar OHADA ta ba ka wata ɗaya daga ranar da aka kawo kaya ka sanar da mai sayarwa aibin da ido ke gani. In watan ya wuce, haƙƙinka ya faɗi. Aibin da ke ɓoye kuma shekara ɗaya daga ranar da ka gano shi ko ya kamata ka gano. Yarjejeniyar Viyana ta ce a sanar cikin lokacin da ya dace, a faɗi irin aibin, kuma bayan shekara biyu babu magana. Ga kayan gwari lokacin da ya dace sa'o'i ne, ba makonni ba. Sanarwa ba rashin kunya ba ce. Ɗauki hoto a wurin saukewa, tura saƙo da ladabi a ranar: "Alhaji, kaya sun iso, ga abin da muka tarar, buhu kaza." Gaisuwa da ban haƙuri sa biyo baya.

Sai kuɗi. Mu Hausawan Gabon daga wurare daban-daban muka fito, kuma bakinmu bai zama ɗaya a kan lissafi ba. Mutumin Maraɗi in ya ce jikka, sefa dubu yake nufi. Mutumin Kano in ya ce jaka, naira ɗari biyu ce. Dala a bakin ɗan Nijar sefa biyar ce, a bakin mai saro kaya a Dubai kuɗin Amurka ce. Sefar ma biyu ce, tamu ta tsakiyar Afirka da ta yamma. Darajarsu ɗaya, 655.957 a kan Yuro ɗaya, amma takardar nan ba ta sayen kaya a Kwatano, kuma mai canji sai ya ci nasa. Wa zai ɗauki wannan ragin? Buhu ma haka: na kilo nawa? A rubuta adadi da lamba, a rubuta sunan kuɗin. Waɗanda suka ba da kaya bashi da naira kafin watan Yuni 2023, lokacin da Najeriya ta saki kuɗinta ya nemi darajarsa a kasuwa, sun san abin da muke faɗa. An biya su adadin da aka ambata cif, amma abin da ya shigo hannunsu bai sayi abin da ya fita ba.

Kafin alƙalami ma a fayyace shi. A faransanci kalma biyu ce. Acompte somin biya ne, ciniki ya ɗauru, babu mai janyewa. Arrhes kuwa kowa na iya janyewa, mai saye ya bar abin da ya bayar, mai sayarwa ya mayar da ninki biyu. Mu duka kafin alƙalami muke ce musu. In za a rubuta rasit da faransanci, duba wacce aka sa. Haka dillali: a dokar OHADA aikinsa ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa, cinikin na mutum biyun ne. In dillali ne zai karɓi kuɗi, mai kaya ya faɗa da bakinsa ko a rubuce. Kuma in saƙo ya zo cewa an canza asusun banki, a tura kuɗi sabon wuri, kira mutumin a tsohuwar lambarsa ka ji muryarsa kafin ka tura ko sisi.

Masu shigo da kaya da yawa kuma su tuna da ƙa'idar canjin kuɗi ta CEMAC ta 2018: kayan da suka kai sefa miliyan 5 sai an yi rajistar shigo da su a banki. Ga takardar BIETC ta hukumar masu lodin kaya ta Gabon, wadda ake nema ga kayan jirgin ruwa. A faɗa tun farko wa zai yi ta, wa zai biya.

Wani dattijo ya taɓa tambayarmu a ofis, to in abin daga Allah ne fa? Doka ta san da wannan. Wanda abin da ya fi ƙarfinsa ya hana shi cika alkawari, abin da bai iya hangowa ba kuma bai iya kauce masa ba, ba a ɗora masa diyya. Rufe iyakokin Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 misali ne ga wanda ya ƙulla ciniki kafin a rufe. Wanda ya ƙulla bayan an rufe, yana sane, ba shi da wannan uzuri. Tsadar kaya ba ta shiga ciki, ruwan sama a hanyar Ndjolé ma haka, don kowa ya san ana ruwa a Gabon. Kuma mai uzuri sai ya sanar da abokin cinikinsa da wuri.

Mun san abin da ke zuciyar wasu iyayenmu. Za su ce kakanninmu sun kai goro daga Gwanja zuwa Kano, sun kawo shanu har bakin teku, ba takarda sai amana. Gaskiya ne. Amma a wancan zamani mai kaya yana tafe da kayansa a ayari, ga madugu, ga mai masauki da ya san kowa, shaidu kuma suna zaune a wurin ciniki. Yau kaya suna tafiya su kaɗai, ta hannun direba da wakili da kamfanin jirgi waɗanda ba su san mu ba. Rubuta bashi da kafa shaidu kuma ba Turawa suka koya mana ba, malamanmu suna karantar da shi daga aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara. Takarda ba tuhuma ba ce. Mai amana yana mutuwa, magada su zo ba su san komai ba. Kuma in ta kai ga kotun kasuwanci, akwai gajeriyar hanya a OHADA da alƙali ke ba da umarnin a biya bashi ba tare da doguwar shari'a ba, amma sai bashin da adadinsa ya tabbata, lokacinsa ya yi, da takardu a hannu.

Saboda haka ofis ya shirya takarda mai shafi ɗaya, gaba Hausa, baya faransanci. Akwai wurin sunayen mutum biyu da garuruwansu, irin kaya da yawansu da nauyin buhu, farashi da sunan kuɗi, abin da aka bayar da abin da ya rage da ranar biya, sunan mai mota da lambarta, sa hannun shaidu biyu. A tsakiya mun bar layi ɗaya da manyan baƙaƙe: "Asarar hanya tana kan mai sayarwa har zuwa", sai fili a rubuta sunan wuri. Wanda abokin cinikinsa ke nesa ya cike, ya ɗauki hoto, ya tura ta WhatsApp, wancan ya amsa da "na yarda". Shiru kaɗai ba amsa ba ce a doka. In ya amsa da "na yarda amma", to sabon tayi ne, ciniki bai faɗa ba tukuna.

Kofe ɗari biyu muka buga, suna kan teburin da ke bakin ƙofa, kyauta ne ga duk mai katin ƙungiya. Wanda karatun boko ya yi masa nauyi ya same mu a ofis ranar Asabar bayan la'asar mu cike tare, ko ya turo yaronsa. Masu shirin sayo ragunan layya daga Kamaru da Cadi, muna roƙo ku fara da ita tun wannan zuwan, ku kuma ƙara layi a kan dabbar da ta mutu a mota.

 Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya.